Maganin da Ba Ya Jira

Maganin nan ba ya jira.
Tun yana cikin tukunyarsa ta darma
yake cin kansa,
awa shida, rabinsa ya tafi,
kamar ƙanƙarar da Barira ke sayarwa a bakin tasha:
a saya, kar a saya, narkewa take.

Shi ya sa na daina rubuta "ku zo da safe."
Safiya ta kowa ce.
Mutum tara kan benci guda,
mai maƙoƙo, mai ƙoda, mai ciwon ƙashi,
kowa na kallon takalmin ɗan'uwansa
har a kira azahar.
Yanzu kowa da sa'arsa a littafina.
Daren jiya na buga wa jikan Arzika waya:
bakwai da rabi, da goran ruwa,
zobe da laya a bar su gida.

Daga wajen Madarunfa suka taso bisa babur.
Ya shigo da hula a hannu, yana dafa ƙugu.
"Ɗiyata, mi ka cikin allurag ga?"
Na ce, Baba, ɗan haske ne,
ido ma ba ya ganinsa.
Jini zai bi, ya sauka inda ƙashi ke kuka.
Injin kuwa ba ya harbi,
saurare kawai yake.
Ya yi shiru, ya miƙo hannu.
"Ashe yau ni ne fitilar."

Awa uku na jira.
Na mai da bencin ƙarƙashin bedi, kusa da bayi,
don tsoho kan ƙi shan ruwa
in hanyar ta yi masa nisa.

Ɗakin hoto sanyi gare shi,
don inji aka sa, ba don mutum ba.
Gadon siriri, ga tauri.
Bargon nan ni na sayo shi a Babbar Kasuwa,
jikka biyu, bayan doguwar tayi.
Matashi ƙarƙashin gwiwa,
wani ɗan tsumma a bayan wuya.
Kan injin ya sauko
har ya rage yatsa biyu ya taɓa hancinsa,
na ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame.

In ya motsa, hoto ya dagule.
In ya dagule, sai a sake,
matar da ke waje kuma maganinta na ƙarewa a kwalba.
Shekara huɗu ina cewa "kada ka motsa"
kafin in gane
kalmar ce ke sa hanci ƙaiƙayi.

Sai na ce, Baba, kunya nawa ce a gonarka ta aya?
Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba.
Na ce, ƙirga mini a zuci,
ka faro daga rijiya, ka nufi gawo,
ina nan bayan gilashi, ina ganinka.

Yatsun suka saki.
Can sai minshari.

A allo ƙasusuwansa na taruwa ɗigo ɗigo,
kamar gero da aka watsa bisa faifai,
ƙoƙon kai, haƙarƙari, gadon baya,
shekara saba'in na duƙe.
A ƙugun hagu ɗigon ya yi cincirindo.
Na gani.
Ba nawa ba ne in faɗa,
likita Tsalha zai zauna da shi ranar Alhamis,
na kuwa riga na sa a ajiye kujera biyu.

Minti ashirin da biyu.
Na taɓa kafaɗarsa.
"Na kai tamanin da huɗu," in ji shi,
"sai ruwa ya sauko, na fake."

Shi ya ninke bargon da kansa,
gefe da gefe, kamar buhun da za a mayar wa mai shi.
Na ce ya yi ta shan ruwa har dare,
jaririn gida kuma ya bari sai gobe ya ɗauka.

Sha ɗaya da minti goma.
Na wanke hannu, na canza zanen gado,
na leƙa ƙarƙashin bedi:
Hajiya Tanin, bismilla.